Kafin a Ce Shasha Ta Ƙone

Saura kwana huɗu a ga watan azumi gwaggona ta aika a kira ni, kuma tun ina cire takalmi a bakin ƙofar ɗakinta da ke Karantina, a kudancin Jidda, nake jin muryar mai karatu tana tashi daga talabijin ɗin da ke manne da bango, alhali fuskar talabijin ɗin baƙi ƙirin kamar bayan tukunya. Gwaggo ba ta kallon komai in ban da tashar Alƙur'ani ta Saudiyya, wadda ke nuna Harami kai tsaye dare da rana, kuma tun da ciwon gwiwa ya rage mata zuwa Makka, ta wannan allon take ganin Ka'aba. Bayan mun gaisa ta ce da ni, "Ɗan nan, an ce shasha ta ƙone, wai gyaranta ya fi kuɗin sabuwa, gara in ba masu sayen tsofaffin kaya in huta." Da na tambayi wanda ya yanke wannan hukunci, sai aka ce wani mai gyara ne da aka kira, ya tsaya daga tsakiyar ɗaki ya dube ta, ya karɓi kuɗin zuwansa ya tafi, ko rimot bai taɓa ba.

Na saki labule, na kashe fitilar ɗakin, na kunna tocilar wayata na kara ta dab da gilashin, a ɗan karkace don kada hasken ya dawo mini a ido. Cikin da'irar hasken, dishi-dishi kamar a mafarki, sai ga fararen tufafin masu ɗawafi suna kewayawa. Na ce, "Gwaggo, ki daure ki matso ki gani." Ta dafa kafaɗata ta leƙa, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "La'ilaha illallahu, ashe suna ciki." Hoton yana nan lafiya lau, fitilun da ke haska shi daga baya ne suka mutu, kuma wannan yana cikin gyare-gyaren da suka fi sauƙin kuɗi a sana'armu.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina wannan aiki, kuma babu maganar da na ga ta salwantar da dukiyar mutane kamar "shasha ta ƙone". A bakin mutanenmu na nan, shasha ita ce talabijin ɗin gaba ɗaya, ita ce kuma gilashin gabanta, don haka idan aka ce ta ƙone, mai kaya yakan ɗauka cewa sashen da ya fi komai tsada ne ya tafi. Duk wanda ya zaga Haraj Sawarikh, kasuwar gwanjo ta Jidda, ya ga talabijin jingine da juna kamar faifai, kuma na sha sayen irinsu a kuɗin ƙarfe, in kai shago in tarar abin da ke damunsu bai wuce aikin yini ɗaya ba. Gilashin gaba yana lalacewa, ba na musun haka, kuma idan ya lalace yawanci magana ta ƙare, amma shi ne na ƙarshe da ya kamata a zarga, bayan an wanke duk sauran sassan ɗaya bayan ɗaya.

Ba a gane ciwon abu sai an san yadda aka gina shi. Talabijin ɗin da ake sayarwa da sunan LED, a gaskiya LCD ce, kuma gilashin LCD ba ya ba da haske ko kaɗan da kansa. Ɗigo-ɗigo ne jere a kansa, 1920 a kwance da 1080 a tsaye a wadda ake kira Full HD, wato 2,073,600, yayin da mai 4K take da 3840 da 2160, wato 8,294,400, kuma kowane ɗigo ya kasu gida uku, ja da kore da shuɗi. Kowane gida kamar 'yar taga ce mai asabari, wadda ƙarfin lantarki ke ɗagawa ko saukewa gwargwadon hasken da ake so ya wuce. Hasken kansa daga baya yake zuwa, daga ƙananan fitilu da aka jera a kan dogayen sanduna, waɗanda masu gyara na nan suke kira masɗara saboda kamarsu da rular 'yan makaranta. A wasu talabijin an shimfiɗa sandunan a bayan gilashin, a wasu kuma, musamman sirara sosai, a gefe aka sa su, wani faifan roba mai kauri yana watsa hasken zuwa tsakiya. Tsofaffin LCD da suka riga waɗannan zuwa dogayen kwalabe suke da su masu ɗauke da zaiba, shi ya sa ba a fasa su a cikin ɗaki.

Idan aka cire murfin baya, burda uku, wato faifan da aka jera kayan lantarki a kai, ake gani a yawancinsu, ko da yake ƙanana na yanzu sukan haɗe su wuri ɗaya. Akwai ta wuta, wadda ke karɓar lantarkin bango ta rarraba shi, akwai babba, inda duk ramukan HDMI da na eriya suke kuma inda ake sarrafa hoto da murya, sai 'yar ƙarama da ake kira tikon, wadda ke karɓar hoton daga babba ta faɗa wa kowane ɗigo lokacin da zai buɗe. Daga tikon faffaɗan wayoyi ne ke tafiya zuwa gilashin, waɗanda abokan aikinmu Misirawa ke kira falata, sunan da har yau yake sa yaran shagonmu dariya. Aikin mai bincike shi ne ya bi wannan hanya tun daga bango har zuwa gilashi, ya gano inda hoton ya tsaya.

Amma kafin a ɗauki sukudireba, akwai tambayar da take gaba da komai, wato ko laifin na talabijin ɗin ne ma. Hanyar sanin haka ba ta buƙatar kayan aiki. A danna maɓallin menu a rimot ɗin talabijin ɗin kanta, ba na risiba ba, a duba rubutun da ya fito. Idan rubutun ya fito tsaf, babu layi a kansa, launinsa daidai, alhali hoton da ke ƙarƙashinsa ne ke rawa ko yayyagewa, to gilashi da tikon da fitilu duk sun kuɓuta, sai a koma kan abin da ke kawo hoton. Hoton da ke farfashewa gida-gida yana daskarewa, murya tana sarƙewa tare da shi, alamar raunin sigina ce, kuma a nan Jidda sau da yawa a saman bene amsar take. Yawancin gidajenmu sun juya dish ɗinsu ne zuwa Nilesat a digiri 7 yamma, ko Badr na Arabsat a digiri 26 gabas, kuma iska mai ƙarfi ta dare ɗaya ta isa ta gusar da dish ɗin da ƙusoshinsa suka yi tsatsa. Raɓar Bahar Maliya tana cin kan wayar da ke shiga LNB, 'yar na'urar nan da ke gaban dish tana karɓar sigina, har ya koma kore, rana kuma tana gasa murfin robarsa ya tsage ruwa ya shiga. Risiba tana aika wa LNB bolt 13 ko 18 ta cikin wannan wayar, gwargwadon tashar da aka zaɓa, shi ya sa wani lokaci rabin tashoshi ke ɓacewa rabi su rage, mai gida ya rasa dalili. Talabijin da yawa, ciki har da na Samsung da LG, suna da hoton gwaji a cikin menu, wanda idan ya fito lafiya an gama magana.

Ban koyi wannan a arha ba. A shekarata ta biyu, wani dattijo ya kawo talabijin yana cewa farin ɗigo na walƙiya a hotonta kamar taurari, hoton kuma yakan ɗauke ya dawo. Na zargi babbar burda, na sa ya jira mako guda aka nemo wata, na ɗaura, na gwada a shago ta yi kyau, ya biya ya tafi, washegari ya dawo da ita a bayan mota ransa a ɓace. Maigidana bai ce da ni komai ba a gabansa, sai ya roƙe shi ya koma gida ya kawo wayar HDMI da yake amfani da ita. Da muka sa ta, taurarin suka bayyana nan take. Wayar ce ta karye daga ciki inda aka matse ta da bango, kuma ni da wayar shago na yi gwajina duka biyun. Mun mayar masa da kuɗinsa da tsohuwar burdarsa, aka cire kuɗin sabuwar daga albashina.

Idan an tabbatar laifin daga ciki yake, kuma akwai murya babu hoto, to gwajin tocila ne ke raba gardama, kamar yadda ya raba a ɗakin Gwaggo. Dalilin da ya sa allo duka ke yin duhu lokaci guda yana cikin yadda aka haɗa fitilun. Jere suke kamar ƙwayoyin carbi a zare ɗaya, wuta tana fita daga wannan ta shiga wancan, kowanne yana cin bolt 3 ko bolt 6 gwargwadon irinsa, ta yadda fitila 24 masu bolt 3 a layi ɗaya za su buƙaci kimanin bolt 72. Idan ƙwaya ɗaya ta tsinke, layin duka ya mutu, kuma da'irar da ke ciyar da su tana da wayon gane haka, sai ta yanke wutar gaba ɗaya don kare kanta. Shi ya sa a wasu talabijin, idan aka kunna a cikin duhu aka zuba ido, za a ga haske ya yi wal na ɗan ƙiftawa, wataƙila har tambarin kamfani ya bayyana, sannan ya ɗauke. Wannan ƙiftawar albishir ce ga mai gyara, domin tana nuna cewa burdar wuta ta yi ƙoƙarinta, fitilun ne suka ƙi amsawa. Wasu kuma da 'yar jar fitilar gabansu suke magana, kamar Sony, wadda a samfura da yawa ƙiftawa shida take yi idan matsalar ta shafi hasken baya. Don a tabbatar ba tare da an ɗaga gilashi ba, ana zare wayar fitilun daga burda a ba su wuta da 'yar na'urar gwaji ta musamman, wadda ke iya kaiwa bolt 300 amma da ƙaramin ƙarfi, tana nuna adadin da layin ya ci.

Zafi ne ajalin waɗannan fitilu, kuma a ƙasar nan an haɗa musu shi ta fuska uku. Talabijin takan fito daga kanti a kan tsarin hoto mafi haske, wanda aka yi don ta ja ido a tsakanin 'yan'uwanta a ƙarƙashin fitilun kanti, kuma ba kasafai mai saye ke sauya shi ba. Sannan a manna ta da bango ƙam, ko a cusa ta cikin kabad ɗin katako, ramukan shan iskarta su toshe da ƙura da hayaƙin turaren wuta. Sannan a bar ta a kunne tun asuba har bayan isha'i, a ɗakin da ake kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da rana don tsoron kuɗin wuta. Ta Gwaggo ta haɗa duka ukun, kuma da na shiga menu daga baya na tarar hasken baya yana kan ɗari cif. Ba na ganin laifin tsohuwa a nan, domin babu wanda ya taɓa gaya mata cewa akwai irin wannan maɓalli, kuma idonta ma ya fi son haske.

Sauya masɗara aiki ne mai sauƙin fahimta mai wuyar yi, saboda fitilun suna can ƙasan komai, sai an ɗaga gilashin kafin a kai gare su. Mukan share tebur biyu, ɗaya na aiki ɗaya na ajiya, a shimfiɗa bargo mai laushi, a rufe ƙofar shago a kashe fanka don ƙura. Bayan an cire murfin baya da lasifika, ana zare falatar tikon, a saki dogayen siraran burdodi da ke bin gindin gilashin, waɗanda ke rataye da shi ta wasu 'yan fatu masu launin ruwan zuma, sirara kamar ɓawon albasa. Waɗannan fatun su ne ran gilashin, injin masana'anta ne ya manna su da zafi da matsi, kuma idan ɗaya ya yage, hannu ba ya mayar da shi. Akan naɗe burdodin a hankali a kan fuskar gilashin a riƙe su da salatif na takarda, a cire firam, sannan a ɗaga. Gilashin mai inci 55 kaurinsa bai kai milimita biyu ba, yana lanƙwasa a hannu kamar tabarma, don haka mutum biyu ne ke ɗaga shi da robobin tsotsa, numfashi a riƙe, kowa yana kallon idon ɗan'uwansa. A ƙarƙashinsa akwai fararen takardun roba biyu ko uku da faifai mai kauri, masu baje hasken don kada a ga ƙwayoyin fitilu, kuma dole a ɗauke su tare a ajiye yadda suke, domin idan aka juya ɗaya ko aka sauya jerinsu hoton zai dushe. Gashi ɗaya ko ƙwayar yashi da ta faɗa tsakaninsu za ta zauna a fuskar mai karanta labarai har abada, kuma ba za a gan ta ba sai an gama ɗaure komai. Da muka kai ƙasan ta Gwaggo, fitila biyu sun yi baƙi sun tsage, farar takardar da ke kewaye da su ta yi launin toyayyen burodi, sauran kuma duk sun fara rawaya a gefe.

A nan ne ra'ayina ya saɓa da na wasu abokan sana'a. Akwai masu cire fitilar da ta mutu kaɗai su dasa wata, ko ma su haɗe gurbinta da dalma wuta ta tsallake, su rufe su karɓi kuɗi. Talabijin za ta kama, mai ita zai yi godiya, amma fitilun da suka rage shekarunsu ɗaya da wadda ta mutu, zafin da ta sha shi suka sha, kuma ba a jimawa wata take bi. Na yi haka sau da dama a farkon aikina, da niyyar sauƙaƙa wa mutane, har na lura cewa kowace dawowa tana nufin sake ɗaga gilashi, kuma kowace ɗagawa caca ce da dukiyar wani. Yanzu ko dai in sauya sandunan duka da sababbi masu lamba ɗaya da tsofaffin, ko in gaya wa mai kaya gaskiya cewa faci zan yi masa kuma ba na ba da lamuni a kai. Lambar da ake nema tana rubuce a jikin sandar ko a takardar da ke bayan gilashin, domin samfuri ɗaya na talabijin yakan zo da gilashin masana'antu daban-daban.

Fitilun baya suna da wasu alamun ban da duhu. Farar fitilar LED asalinta shuɗiya ce da aka shafa wa wani sinadari rawaya, kuma idan zafi ya cinye shafen sai hoton duka ya koma shuɗi ko ruwan hoda mai duhu, fararen tufafi su zama kamar an rina su a Ƙofar Mata. Fararen da'irori masu haske kamar wata a tsakiyar hoto kuwa, 'yan murafan roba ne da ke kan fitilun suka ɓalle, kuma sau da yawa ana jin su suna ƙara a ciki idan an karkata talabijin ɗin. Duhu a gefe ɗaya ko a ƙasa yana nufin layi ɗaya ne ya mutu a irin waɗanda ba sa yanke wutar duka.

Burdar wuta ita ce wurin da nake roƙon mai karatu ya tsaya idan bai saba ba. Babban kafasiton da ke cikinta, wato ɗan gwangwanin da ke tara wuta, yana ɗaukar kusan bolt 400 a yawancin manyan talabijin, kuma yana iya riƙe shi bayan an zare waya daga bango, don haka mukan auna shi da mita mu sauke shi ta hanyar resisto, abin da ke rage gudun wuta, kafin hannu ya kusanci wurin. Alamun ciwonta su ne talabijin ta ƙi tashi sam, ko ta yi ta ƙas-ƙas tana kunna kanta tana kashewa, ko ta ɗauki mintuna kafin hoto ya zo, kullum jinkirin yana ƙaruwa. Ƙananan kafasito da kansu ya kumbura kamar gwangwanin da ya lalace ana ganinsu da ido, kuma sauya su aikin rabin awa ne. Sau da yawa kuma mun buɗe mun tarar da tsaka ko kyankyaso a ƙone a kan burdar, ya shiga neman ɗumi ya haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. Akwai kuma abin da ya keɓanci tsofaffin gidajen nan, inda har yanzu ake samun soket mai bolt 127 kusa da mai 220, duk da cewa tun 2010 hukuma ta yanke shawarar komawa 230. Talabijin ɗin da aka rubuta 100 zuwa 240 a bayanta ba ruwanta da wannan, amma wadda aka rubuta 220 zuwa 240 kaɗai, idan ta faɗa soket ɗin 127, tana iya ƙin tashi ko ta riƙa ɗaukewa, a yi ta zargin burda alhali sauya soket ne maganin.

Idan kuwa allo yana da haske, ana ganin ɗan toka-toka a cikin duhu, murya tana nan, amma tocila ba ta nuna komai ba, to hankali ya koma kan tikon. Bolt 12 ne ke shigar mata a yawancin manyan talabijin, ta wani ɗan fis da bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma daga wannan take ƙera wasu ƙarfin wutar da gilashin ke buƙata, waɗanda aka rubuta sunayensu a jikin burdar: VGH da ke haura bolt 20, VGL da ke ƙasa da sifili, da AVDD da VCOM. Rashin ɗaya daga cikinsu yana iya zama laifin tikon, yana kuma iya zama gilashin ne ya haɗe daga ciki yake janye shi, kuma bambance waɗannan biyun shi ne ke raba gyara mai arha da ta'aziyya. A talabijin mai falata biyu, akan kashe wuta a zare ɗaya a kunna, sannan a mayar a zare ɗayar. Idan rabin hoto ya fito tsaf da aka zare ta hagu, to tikon lafiyarta ƙalau, ciwon yana cikin gilashin ta ɓangaren hagu. Hoton da ya koma kamar tsohon nagatif ɗin mai hoto, fuskoki suna ƙyalli da launuka marasa kan gado, yawanci daga ɗan guntun da ke daidaita matakan haske a tikon ne, kuma wannan yana gyaruwa. Akwai dabarar da ta yaɗu ta toshe wasu ƙafafun falata da salatif don a kashe ɓangaren da ya haɗe, kuma na ga ta tayar da talabijin da aka fid da rai da ita, sai dai jinkirta ajali ce, kuma wanda ya yi ta ya sayar da kayan a matsayin lafiyayye ya ci haram.

Layukan tsaye su ne suka fi ba ni takaici, saboda mafi yawan waɗanda na gani hannun mai tsafta ne ya jawo su. Ana fesa ruwan goge gilashi kai tsaye a fuskar talabijin, ruwan ya gangara ya shige ƙarƙashin firam, daidai inda fatun nan masu launin zuma suke manne, ya kwanta a can yana cin su a hankali. Bayan makonni sai siririn layi ja ko kore ya bayyana daga sama har ƙasa, ya yi ƙani, har ya zama baƙin shafi mai faɗin tafin hannu. Idan aka buɗe, farin gishiri-gishiri da koren tsatsa ne ke shaida abin da ya faru. Wani lokaci falata ce kawai ta yi datti, a zare a goge da sifirit a mayar layin ya tafi, shi ya sa ake fara gwada wannan. Idan kuma layin yana motsi ko ɓacewa sa'ad da aka ɗan matsa firam da yatsa, mannin ne ya saki, kuma sai shagon da ke da injin manni na musamman, wanda kuɗinsa ba ya dacewa sai ga babbar talabijin mai tsada. Tsumma mai laushi da aka ɗan jiƙa aka matse, talabijin tana kashe, ya wadatar wajen gogewa.

Gilashin da ya fashe, wanda ke nuna baƙin tabo kamar tawada ta zube da layuka masu launi suna fita daga wuri ɗaya, ba shi da magani sai sabon gilashi, kuma kuɗinsa yakan kai na sabuwar talabijin ko ya wuce. Talabijin ɗin da aka ajiye a sito mai zafi da laima har fatar gabanta ta yi ƙuraje tana warin tsami irin na khal, sauya fatar yana yiwuwa amma da wuya ya fito sumul. Talabijin ɗin da ake kira OLED kuma hukuncinta daban, domin ba ta da fitilun baya, kowane ɗigo shi ke haska kansa, don haka gwajin tocila ba ya aiki a kanta, kuma tambarin tashar da aka bari wuri ɗaya wata da watanni yana iya barin inuwarsa har abada, abin da ya sa ba na ba masu kallon tasha ɗaya shawarar sayenta. Duk wanda talabijin ɗinsa ba ta cika shekara biyu ba kuwa, ya nemo faturarsa, wato rasit ɗin saye, kafin ya bari wani ya kwance ƙusa ɗaya, domin ƙa'idar Ma'aikatar Kasuwanci ta ba kayan lantarki lamunin shekara biyu, kuma buɗe ta a wurin da ba na wakilin kamfanin ba na iya zubar da shi.

Ta Gwaggo ta kwana biyu a shago, muka sa mata sababbin sanduna, muka bar ta a kunne yini guda a kan tebur don gwaji, sannan na mayar da ita ana gobe azumi. Na sauya ƙarfen ratayar da mai ɗan tsawo don iska ta riƙa ratsa bayanta, na shiga inda aka rubuta ida'a khalfiyya, wato hasken baya, na sauke shi daga ɗari zuwa sittin, domin a yawancin talabijin wannan ne ke rage wa fitilun wuta, ba ɗayan maɓallin hasken da ke taɓa hoto kawai ba. Gwaggo ta gyara tabarau ta duba ta ce, "Ɗan nan, kamar hadari ya haɗo a Harami." Na ƙara zuwa saba'in, muka daidaita a nan, na kuma roƙe ta ta riƙa kashewa tsakanin azahar da la'asar lokacin da take ƙailula. Ta ce za ta duba, ta miƙo hannu na ba ta rimot, ta tura shi ƙarƙashin matashinta.